Ƙuri'a Uku

Ruwan ya kai wa Gide cinya sa'ad da Dada ta bubbuga kafaɗarsa ta ce ya tsaya. Ya tsaya a tsakiyar rafin, mahaifiyar tasa na goye a bayansa, takalmansa a hammata, jan ruwa mai sanyi yana fizgar ƙafafunsa.

"Waɗannan ne ginshiƙan da kake ta faɗa a kansu?"

"Su ne, Dada."

Ta daɗe tana kallonsu. Ginshiƙan siminti ne guda huɗu tsaye cikin ruwa, ƙarafan da ke samansu sun yi tsatsa, ɗaya har ciyawa ta tsiro masa. Shekara huɗu ke nan suna nan, tun da Alhaji Maharazu ya ci zaɓe ya tafi majalisar Legas da alkawarin gada a bakinsa. Dada ba ta taɓa ganinsu ba sai yau. Lokacin da aka kafa su yanar ido ta riga ta rufe mata gani, tun da idon ya buɗe a ranin bana kuma ba ta sauko rafi ba.

"Ashe dogaye ne," ta ce. "Mu tafi, kada ka kayar da ni."

Unguwar Audi tana wannan hayin, hanyar motar da ta taso daga Faskari ta nufi Sabuwa tana wancan, tare da makarantar firamare inda aka ajiye akwatin zaɓe. Da rani babu mai tunawa da rafin, yashi ne kawai. Da damina kuwa shi ke mulkin garin. Taki ya tsaya a can, masara ta tsaya a nan. Rediyo kullum cikin labarin arzikin man fetur take, samarin da suka tafi Kaduna suna dawowa da agogo da rakoda, amma mutumin Unguwar Audi sai ya naɗe wando har cinya kafin ya je kasuwa.

Daminar bara abin ya kai maƙura. Larai, matar Rabo maƙeri, naƙuda ta yi mata gardama. Aka ɗauko ta a amalanke har bakin rafi, aka tarar ya batse. Motar da za ta kai ta asibitin Funtua tana wancan hayin ana hango ta, direban yana ta ɗaga hannu. Daga hantsi har la'asar ana jiran ruwa ya janye. Bai janye ba sai da ta cika.

Bayan sadakar bakwai Gide ya tara magidanta a ƙofar masallaci. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman garin, mutum mai murya, wanda in ya fara magana har masu tafiya gona sai sun dakata. Ya ce duk wanda ya sake zaɓen Alhaji Maharazu, to ya sa hannu a cikin mutuwar matar da za ta biyo bayan Larai. Rabo ne ya fara ɗaga hannu, idonsa jawur. Aka yi alkawari, aka shafa Fatiha.

Shi ne kuma ya je ya sami Malam Zailani, hedimastan makarantar, mutumin Ketare, wanda ya shekara tara yana koyar da 'ya'yansu, ya roƙe shi ya tsaya takara.

"Malam Gide, 'ya'yana biyar," in ji Zailani. "In na ajiye aikin nan, ba a mayar da mutum."

"Ƙuri'ar garin nan kakaf taka ce. Ni na gaya maka."

Zailani ya ajiye aiki. Wata takwas suna yawo a kan babur ɗinsa, Gide a baya, daga kasuwar Kankara zuwa ta Faskari zuwa ta Sabuwa. Ko'ina suka tsaya kukan iri ɗaya ne. Mutanen Sabuwa hanya, wasu rijiyar da aka haƙa aka bari, wasu ɗakin shan magani da ba magani. Ba su taɓa haɗuwa da mutum ɗaya da ya ce ya gamsu da 'yan majalisa ba.

Ana cikin haka, da rani, wata farar fijo ta tsallako yashin rafin ta tsaya a ƙofar gidan Gide. Direban ya ce Alhaji ya ji labarin idon tsohuwa, akwai likita a Kaduna, an riga an yi magana da shi. Gide ya so ya ƙi. Ya shiga gida don ya shirya amsar da zai bayar, sai ya tarar da Dada a tsakar gida tana laluben butarta, butar kuwa na gabanta.

Kwana goma sha biyu suka yi a gidan Alhaji na Kaduna. Uwargidansa da kanta take yi wa Dada wanka. Alhaji in yana gari kwano ɗaya suke ci da Gide, kuma ko sau ɗaya bai ɗauko maganar siyasa ba. Ranar da aka kwance bandejin, Dada ta ƙura wa ɗanta ido ta ce, "Kai, yaushe ka yi furfura haka?" Gide ya fita baranda ya juya wa mutane baya, ya yi kuka.

Da ya dawo ya ci gaba da yawo da Zailani. Ya gaya wa kowa, ya gaya wa kansa, cewa alherin mutum daban, haƙƙin jama'a daban. A gida ma ya zaunar da Dada da matarsa Suwaibatu, ya nuna musu alamar jam'iyyar Zailani a takarda har sai da suka haddace.

Yau ranar zaɓe, da suka haura hayin ya sauke Dada, Suwaibatu ta kama hannunta suka shiga layin mata. Filin makarantar ya cika, ƙasa duk ta caɓe da ruwan jiya. Zailani na tsaye gindin darbejiyar da ya dasa da hannunsa, cikin kaftanin da yake sawa ranar Juma'a. Ya rame a watannin nan. Ya ɗaga wa Gide babban yatsansa mai tawada, ya yi dariya.

"Ni dai na ba kaina tawa tun da sassafe. Saura ku."

"Kwantar da hankalinka, Malam. Dubi layin nan. Duk naka ne."

Wajen hantsi farar fijon ta tsaya a bakin hanya. Alhaji Maharazu ya fito shi kaɗai, ba maroƙa, ba 'yan rakiya. Gajeren mutum ne mai jiki, yana ɗan ɗingisawa. Ya bi layin maza yana ba kowa hannu, yana kiran kowa da sunansa. Ya tambayi wannan ƙafar babansa, ya tambayi wancan ko ɗansa ya rubuto daga barikin soja. Mutanen da Gide ya ji da kunnensa suna tsine masa a kasuwa, yanzu duk sun sunkuyar da kai, ana ta "ranka ya daɗe" ƙasa-ƙasa. Da ya zo kan Rabo ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ɗan jima.

Daga nan ya ratsa zuwa layin mata, ya durƙusa gaban Dada, babbar rigarsa ta sha taɓo.

"Gwaggo, ina idon? Ana sa maganin?"

"Ina gani tangaran, Alhaji. Har ginshiƙanka na gani yau."

Mata suka toshe baki. Alhaji ya yi dariya shi ma, irin wadda ba ta kai ciki ba, ya miƙe da ƙyar ya nufo Gide.

"Malam Gide, duk abin da kake faɗi a kasuwanni yana zo mani," ya ce, murya a ƙasa. "Ban ji ƙarya a ciki ba. Ɗan kwangilar ya gudu, na yi magana a majalisa har muryata ta dishe. Mu fiye da ɗari huɗu ne a zauren nan, kowa da rafinshi. Abin da hannuna ya kai, shi nike yi."

Gide ya sunkuyar da kai kamar sauran.

"Likita ya ce a maido ta watan goma a duba ɗaya idon," in ji Alhaji. "Ko na ci ko na faɗi, mota za ta zo. Kada wannan ya dame ka."

Ya koma motarsa ya tafi. Bai roƙi ƙuri'ar kowa ba.

Wurin dangwalawar a kusurwar aji ɗaya yake, an kewaye shi da zana. Gide ya shiga da takardarsa ya shimfiɗa ta a kan benci. Ga alamar Zailani, ga ta Alhaji a samanta. Ya taɓa tawada. A waje yana jin hayaniyar layi, mutum wajen ɗari biyu, duk sun shafa Fatiha. Zailani zai cinye akwatin nan ko da shi ko ba shi. Ƙuri'a ɗaya ba za ta gina gada ba, ba za ta kuma hana ta ba. Amma watan goma zai shiga motar nan, ya zauna a falon nan, ya sa hannu a kwanon nan. Da wane ido? Ba wanda zai sani. Tsakaninsa da Allah ne, godiya ce kawai, ba zaɓe ba.

Ya dangwala a sama. Ya ninke takardar sau huɗu, ya fito ya jefa a akwati ba tare da ya dubi kowa ba.

"An gama?" Zailani ya tambaye shi daga gindin bishiya.

"An gama."

Ya mayar da Dada gida a bayansa. Suwaibatu ta kawo masa fura, ya ce ya ƙoshi. Ya tsuguna bakin murhu yana dirzar yatsansa da toka, tana tsaye tana kallonsa. Tawadar ta ƙi fita.

Bayan la'asar aka juye akwatin a kan teburin hedimasta, a gaban jama'a. Malamin zaɓe yana buɗe takarda yana ɗagawa kowa ya gani, sannan ya ajiye ta inda ta dace. Ta farko ta Alhaji. Ta biyu ta Alhaji. Gide ya ce a ransa na 'yan bakin hanya ne, waɗanda rafin bai dame su ba. Ta goma, ta ashirin, ta hamsin. Tarin da ke hannun dama yana ta tashi, na hagu takarda ɗaya tal, iska na ɗaga gefenta. Surutu ya mutu a filin. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa, ko a saman rufin kwano, ko a tafin hannunsa. Rabo ya ja rawaninsa ya rufe baki.

"Alhaji Maharazu, ɗari da saba'in da shida," in ji malamin zaɓe. "Malam Zailani, uku."

Ba wanda ya yi tafi. Ko wakilin Alhaji tattara takardunsa kawai ya yi. Zailani na tsaye, hannuwansa a baya, kamar yadda yake tsayawa in yara na rera taken ƙasa. Can wani daga baya ya ce, "Ukun nan na gidan Malam Gide ne. Shi da iyalinshi da tsohuwa." Maganar ta bi taron, kawuna suka juyo. Da Gide ya motsa zai tafi sai mutane suka dare suka ba shi hanya, wani dattijo har da cire hula.

Rana ta kusa faɗuwa Zailani ya yi sallama a ƙofar gidan, wandonsa jiƙe har ƙugu. Gide ya shimfiɗa masa tabarma a zaure. Suka gaisa kamar ba tare suka wuni ba.

"Labarin Kankara da Sabuwa ma haka yake zuwa," in ji Zailani. "Ya ci, Malam Gide. Ba maguɗi, ba komai. Mutane ne suka zaɓe shi." Ya murza ido. "Na zo in yi godiya ne. Sun ce uku naku ne, amma sun manta ɗaya tawa ce. Saura biyu, taka da ta iyalinka. Dada kuwa wallahi ban riƙe ta a raina ba. Mutumin da ya buɗe mata ido, ai dole."

"Wa? Ni?"

Dada ce tsaye a ƙofar ciki, ta fito gaishe da baƙo.

"Ni alamarka na dangwala, Malam. Da idon nan na duba ta sosai kafin in sa hannu. Alhaji na gode mashi, kullum ina sa shi a addu'a. Amma yaron nan ya ce mani an shafa Fatiha."

Zailani ya dubi Dada, ya dubi Gide.

"Ni ce, Malam."

Muryar Suwaibatu ce daga bayan zana, inda ta tsaya da kwanon ruwan baƙo.

"Na shiga sai na rikice. Alamomin suka yi mani yawa, ban san inda na sa hannu ba sai da na fito. A yi haƙuri."

"Haba, ba komai," in ji Zailani da sauri. "Takardar nan ko mai ilmi tana rikita shi. Kada ki sa a ranki."

Ya sha ruwan ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce jibi zai kwashe yara su koma Ketare, babansa na da gona, in aka yi sauri ana iya samun wake. Ya riƙe hannun Gide, hannun da ke da tawadar.

"Cikin mazan garin nan kai kaɗai ka riƙe mani amana. Ba zan manta ba."

Gide ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana. Da ya koma ciki ya tarar Dada ta zauna a kan turmi ta sa Suwaibatu a gaba.

"Sau nawa ya nuna maki? Ni da na shekara biyar a duhu na gane, ke mai ido biyu kika kasa? Mutumin nan ya bar aikinshi saboda maganar mijinki. Kin ba mu kunya gaban baƙo, kin ba mijinki kunya."

Suwaibatu na tsugune tana tuƙa tuwo, hayaƙi na shiga idonta, ba ta ɗago ba. Shekara goma sha tara suna tare, bai taɓa jin ta yi ƙarya ba sai yau. Ya tsaya a tsakar gidan, Dada na ta faɗa, muciya na ta juyawa.

"Dada, ki bar ta."

"In bar ta? Kai ma kana..."

"Ba ita ba ce. Ita ta sa inda na ce. Ni ne."

Muciyar ta tsaya. Dada ta juyo ta dube shi da idon nan guda mai gani, tun daga hula har ƙafa. Ya so ta zage shi. Ba ta zage shi ba.

"Saboda ni?"

"Saboda ke. Da kuma kaina."

Ta sauko daga turmin ta dafa kan Suwaibatu. "Ɗiyar nan, ki yafe mani," ta ce, ta shige ɗakinta ta saki labule.

"Da ka bar shi a haka, Malam," in ji Suwaibatu a hankali. "Ni ba wanda zai tare ni a kasuwa."

Kafin ya amsa sai ga sallama daga waje, muryoyi da yawa. Ya fita ya tarar da su zaune a ƙofar gida, magidanta wajen goma sha biyar, sun bar masa tsakiyar tabarma. Rabo ne ya fara magana, kansa a ƙasa.

"Mun zo ne mu ba ka haƙuri. Ni dai ƙanena Salihu na masaƙa a Kaduna, takardar Alhaji ce ta shigar da shi, shi ke riƙe da marayun Larai. Na ce ƙuri'ata ɗaya ba za a gane ba."

Wani ya ce shi kujerar Makka ce ta babansa. Wani ya ce Alhaji ne ya fito da ɗansa daga hannun 'yan sanda. Wani ya ce shi ba a yi masa komai ba tukuna, amma an ce takardar ɗansa ta shiga kwaleji tana kan teburin Alhaji, in baƙo ya hau wa ya san shi? Kowa ya ɗauka sauran za su cika alkawarin.

Gide bai zauna a tsakiyar ba. Ya tsuguna a ƙasa, a gefen tabarmar.

"Ku daina ba ni haƙuri," ya ce. "Ni ma Alhaji na zaɓa. Ukun nan, Malam Zailani ne da mata biyu."

Suka dubi juna. Dattijon da ya cire masa hula ɗazu ya girgiza kai, ya yi murmushi.

"Kun ji halin manya ko? So yake ya rufa mamu asiri, kada mu ji kunya mu kaɗai."

"Wallahi da gaske nike."

"Mun ji, Malam Gide, mun ji. Allah shi saka."

Rabo ya matso ya kama hannunsa, hawaye na bin gemunsa.

"Nan da shekara huɗu," ya ce, "duk inda ka sa ƙafa nan za mu sa. Wannan karon ba wanda zai saɓa."

Sauran suka amsa gaba ɗaya, suka ɗaga hannuwa za a shafa Fatiha. Suna jiransa. Gide ya ɗaga nasa.